Jinin Yinfeng Mai Kaji

A kasuwarmu ta bakin gada, a Huzhou, rumfar Lou Yinfeng ce take daura da tawa. Ni awara nake sayarwa, ita kuma kaji masu rai. Sai ka nuna wadda kake so, ta cafko ta daga keji, kafin ka gama cinikin albasa mijinta Tsoho Shen ya yanka ya fige. Gajera ce mai muryar maza, hannuwanta duk sun tsattsage da ruwan zafi. Kullum cikin faɗa suke da mijin. Ta kira shi kunkuru, ya kira ta zakaran kasuwa, rana ta yi su zauna su ci taliya a kwano ɗaya.

'Yarsu ɗaya, Ruolan. Karatu ya kai ta Shanghai, ta sami aiki a wani ɗakin bincike. Yinfeng takan faɗa wa kowa 'yarta likita ce, alhali yarinyar ba ta taɓa duba marar lafiya ba. Da ta zo hutun sabuwar shekara ta yi mana bayanin aikinta a rumfa. Ta ce jikin ƙwayar murar tsuntsaye duk ƙayoyi ne, da su take maƙalewa a jikin abin da za ta shiga. Bakin ƙayar daidai yake da jikin tsuntsu, amma idan ya ɗan sauya siffa sai ya iya kama huhun mutum. Siffar wannan ƙaya take kallo daga safe har yamma. Uban ya yi dariya ya ce ƙayar ta zo, shi ma yana da wuƙa.

Bayan hutun ne fuka ta zaunar da Tsoho Shen a gida, ya daina zuwa kasuwa. Dab da bikin sharar kaburbura aka fara jin murar tsuntsaye tana kashe mutane a Shanghai. Ruolan ta buga waya tana roƙon uwar ta rufe rumfa. Yinfeng ta ce kajinta lafiya lau suke, suna ci suna sha, a bari biki ya wuce. Gaskiya ta faɗa, domin wannan nau'in ba ya kwantar da kaza. Jajiberin biki ta tafi gida da kajin da suka yi kwantai, Tsoho Shen ya fige su a tsakar gida don a kai wa kakanni a kabari.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama shi. A asibiti aka sa shi bayan gilashi, ba mai shiga sai masu fararen riguna. A nan ya mutu, Yinfeng tana tsaye a waje. Ko fuskarsa ba a bari ta wanke masa ba aka kai shi ƙonawa. Ma'aikata suka zo suka kashe duk kajin kasuwa, suka zuba farar ƙasa, aka ɗebi jininmu gaba ɗaya.

Sakamakon jini ya nuna ita ma cutar ta shige ta, ta fita, ko tari ba ta yi ba. Ranar da ta ji haka ta zo gidana ta zauna a dokin ƙofa, ta ƙi shiga.

"Ƙanwata, ni da na wuni cikin kejin nan ta ƙyale ni," in ji ta. "Shi yana zaune a gida, ni na kai masa."

Bayan wata biyu Ruolan ta nemi a ƙara ɗibar jinin uwar. Ta ce akwai wani abu a cikinsa da ya iya kame ƙayar, suna so su ga yadda yake riƙe ta. Yinfeng ta miƙa hannu ba tambaya, kuma duk lokacin da aka nema ta je.

Shekara ta zagayo, Ruolan ta kawo hoto. Ina wurin. Wasu zaruruwa ne masu launi, a nannaɗe kamar kwalliyar biki.

"Mama, wannan ja ita ce ƙayar. Wannan kore da ya toshe mata baki, daga jininki aka samo shi."

Yinfeng ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya, da an ba shi jininta a lokacin, da ya tashi? Ruolan ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba, irin wannan magani shekaru yake ɗauka.

"Amma ina nan fa, kusa da shi, da jinin a jikina."



Ruolan ta tafi da ita Shanghai, amma zaman bene bai karɓe ta ba, ta dawo. Da aka buɗe kasuwa ta bar wa wani rumfarta, ta koma tawa tana taya ni yankan awara. Muryar nan tata duk ta lafa, sai ka matso kafin ka ji abin da take faɗa. Ruolan tana zuwa kowane biki, suna ci tare, ba sa maganar aikinta. Sanyin bara ƙafafun Yinfeng suka kumbura, ta daina fitowa. Da safe nakan kai mata madarar waken soya da ɗuminta, ta tambaye ni su wa suka zo kasuwa jiya, in faɗa mata.