Wayar da Ke Kan Tsamiya

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau in hadari ya haɗo daga gabas, yatsana ne ke fara sani. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba. A Yalwa ta Rano Malam ake ce masa, mai kai gyaɗa Kano.

Tun Turawa na ƙasar nan ya dawo da akwatin rediyo, da batir mai nauyin dutsen niƙa. Ya hau tsamiyar ƙofar gida ya ɗaura waya, ya jawo ta ta taga har bayan akwatin. Wata wayar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, ya binne a gindin katanga, kullum yana zuba masa ruwa wai don magana ta fito. 'Yan unguwa suka ce asiri ya binne. Inna, mahaifiyarsa, ta ce wayar sama kiran aradu ce. Wannan ce ta hana ni sakat, don a garinmu an yarda aradu ba ta faɗa wa gida sai na ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya. Ɗaki ya ƙone, sunan mutum ya bi shi.

Abu ɗaya ya koya mini: in hadari ya taso, a kwance wayar sama daga akwatin, a haɗa ta da ta ƙasa. Na ce to, ina roƙon Allah kada ranar ta zo.

Ta zo ranar kasuwar Kibiya, bayan azahar, ba ya gida. Gari ya yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa wayar tana kuka. Inna ta suri jaririyata ta tsaya a bakin ƙofa.

"Fito, 'yar nan! Wa ke taɓa ƙarfe ana walƙiya?"

"Inna, in aradu ta faɗo ɗakin nan, da wane ido Malam zai shiga masallaci?"

Na durƙusa bayan akwatin. Notin da ke riƙe da wayar ya ƙi juyawa, hannuna duk gumi. Yana kwancewa wayar ta yi tartsatsi ta cije ni a yatsa, na ji har cikin haƙorana. Na yi salati, na kama ta da bakin zanena na naɗe ta a jikin ta ƙasa. Ban kai ƙofa ba aka saki tsawar da ta toshe mini kunne. Wallahi na ɗauka na mutu. Reshen tsamiya ya tsage, ɗakin kuwa ko hayaƙi bai yi ba. Mutane suka ce aljanin tsamiya aka biyo, ba wanda ya ambaci Malam.

Yau jikokina na jin labaran duniya daga salular da ke aljihunsu, ba wayar sama, ba hawa bishiya. Da yana nan, na san sai ya juya abin ya tambayi ina ake zuba masa ruwa. Suna mini dariya in na ce su kashe in an fara cida, ni kuwa tsoron bai sake ni ba.

Akwatin ya daɗe da lalacewa, tsamiyar ma an sare ta. Abin da ya rage mini shi ne shigowarsa ranar, jiƙe sharkaf, ya baro kayansa a kasuwa. Ya wuce akwatin da yake ji da shi, ko kallo bai yi masa ba. Mutumin da ko sunana ba ya iya faɗa a gaban mahaifiyarsa, ranar a gabanta ya kama hannuna yana duba yatsan, hawaye na zubo masa. Allah Ya jiƙan Malam.