Maharbin da Attahiru Ya Bari a Rijiya

Attahiru mai gurmi ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawon kasuwanni tsakanin Tsafe da Bungudu, yana ba mutane labari da kiɗa. Akwai wata ɗabi'a da ya gada wajen ubansa. Sai labari ya yi daɗi, kowa ya miƙa wuya, sannan ya dafe tsirkiyar gurmi ya ce, "Saura sai na dawo." A roƙe shi, a zage shi, ko gezau.

A ƙauyen Kekun Waje akwai wani dattijo makiyayi, Sambo, da kan bar wa 'ya'yansa shanu ya zo ya zauna gaba-gaba. Wata kaka Attahiru ya kawo labarin maharbin da ya faɗa rijiya, ya katse shi daidai nan. Sambo ya riƙe masa riga.

"Malam, ni tsoho ne. Faɗa mini kawai, ya fito?"

Attahiru ya yi dariya ya zame. "Baba, a gidanmu ba a yin haka."

Daga nan hanya ta lalace, 'yan bindiga suka hana shiga ƙauyuka. Attahiru ya maƙale a Gusau yana tsaron shagon hatsin surukinsa. Da aka samu sauƙi ya koma Kekun Waje, ya tarar Sambo ya rasu tun da damina.

Yanzu duk inda ya zauna, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya ce, "Maharbin nan dai ya fito." Mutane su yi tsaki, wai ya ɓata labari. Shi kuwa sai ya bi fuskokinsu da kallo, wanda ya yi tambayar ba ya cikinsu.