Zubin Alhaji

Shekara tara ina gyaran rediyo a bakin rumfar wani Alhaji ɗan Maraɗi a Kasuwar Assihar. Teburin nawa ne, inuwar tasa. A Tamanrasset ta Aljeriya kuwa wanda bai da inuwa bai da sana'a.

Bayan la'asar muke dara a gaban rumfar, gurbi talatin a cikin yashi, wannan da kara, wancan da ƙwallon dabino. Duk kasuwa an san ba mai ja da ni. An kuma san ba mai cin Alhaji. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma kowa ya iya: ka wahalshe shi kaɗan, ka dafe kai, ka bar masa. Shayinsa muke sha. Zubinsa kuwa, wato yadda yake fara jera 'ya'yansa, abin kunya ne. A kusurwa yake tara su kamar awakin da ruwa ya kora.

Sai ga wani ɗan Damagaram, tsohon malamin lekkol, wato makarantar boko, da ke aiki a wani buro, ofis ke nan, muna ce masa Mushe, "malam" da Faransanci. Akwai kwamfuta a buronsu mai buga darar Turawa. Ya ce ba wayo ne da ita ba wajen farawa, littafi aka yi mata: an tara wasannin gwanaye, ta auna, zubin da ya fi ci shi take bi. Wai zai yi wa tamu irinsa. Wata da watanni yana tsugune da kundi yana rubuta kowane gurbi. Ni lekkol aji huɗu na yi, na ci gaba da gyaran rediyona.

Ran da ya kawo takardar lissafin kwamfutar, ya karanta da ƙarfi. Zubin da ya fi kowane ci, in ji inji, na Alhaji ne. Nawa na uku.

Alhaji ya gyara rawani. "Ka ji ko, mai rediyo? Ƙarfe ba ya son kai."

"Alhaji, ƙarfe bai sha shayinka ba, abin da aka ba shi ya haɗiye."

"To zauna mu gani, Mushe ya rubuta."

Na zauna da niyyar bari, wallahi, kamar kullum. Amma na ga baƙi biyu 'yan Agadas na kwafar zubin kusurwa a tafin hannu, za su kai gida. Sai hannuna ya ƙi. Na cinye Alhaji tas, ko shayin farko bai huce ba.

Alhaji ya share yashin da tafinsa. "Gobe kaya na zuwa daga Assamaka, Malam. Wajen teburin nan nake so."

Kayan ba su zo ba, ni dai na tashi. Na koma jikin katangar tasha, inda rana ke narkar da dalma kafin in kunna wuta.

Bayan sati na tare Mushe, na ce ya sa wasan nan a injinsa? Ya ce ya sa. To? Ya ce wasa ɗaya ba ya motsa lissafi, Alhaji na nan na ɗaya.

Takardar tana manne a rumfar har na bar garin, an ma yi mata leda.