Yadda Sola Ta Mai Da Ni Ɗan Kasuwa

Shekarar da zafi ya kai mu bango a Suleja, har muka koma kwana a tsakar gida sauro na yi mana waƙa, na je na sa hannu a takardar wani kamfanin sola. Tsarin biya a hankali ne: su kafa maka faifai a kan rufi, su ajiye batir a ɗaki, kai kuma duk wata ka tura kuɗi har tsawon shekaru. In ka makara, daga ofishinsu za su kashe maka wuta. Na karanta takardar tsaf. Da na zo inda aka hana yin sana'a da wutar, sai na ce ni ma'aikaci ne mai bin motar Abuja kullum, wace sana'a gare ni?

Sati bai zagayo ba gidana ya zama dandali. Da an ɗauke wuta sai sallama ta ko'ina. Mai shagon bakin layi ya kawo waya, tela ya kawo, ɗan acaɓa ya kawo tasa da ta budurwarsa. Matata tana mita, ni kuwa daɗi nake ji, don tunda nake a unguwar ba a taɓa gaishe ni da irin wannan ladabi ba. A cikin firij kuma, bayan robar zoɓo, akwai allurar ciwon sukari ta maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar firamare daga Filato, wadda kowa ke kira Mama. Maganin ba ya son zafi, ita kuma ba ta da firij.

Ana cikin shekara ta biyu batir ya fara gajiya. Kafin asuba firij ya ɗauke, kuɗin wata kuwa bai ragu da ko sisi ba. Kamfani suka turo ma'aikacinsu. Yana shigowa ya ga wayoyi jere a tabarma kamar kifi a faifan mai talla, ya ɗauki hoto, ya ce, "Oga, ai wannan bizines ne. Garanti ya tashi." Wai sabon batir sai dai in saya da kuɗina, in kuma ci gaba da biyan na wata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka koma sayen ƙanƙara muna lallaɓa maganin Mama a kula, kullum ina dubawa kada ya lalace.

Wani lauya da muke shiga mota ɗaya ya ce kotu za ta ci mini lokaci, in fara kai kuka hukumar kare haƙƙin masu saye. Na kai, aka sa ranar sasanci, aka ce in zo da shaida. Mutum biyu na faɗa wa. Ranar na fito na tarar da bas cike maƙil da 'yan unguwa, Mama a gidan gaba da lemarta.

Jami'ar da ta saurare mu ta tambaya ko ina karɓar kuɗin caji. Mai shago ya ce, "Ranki ya daɗe, ko katin waya na ba shi sai ya mayar mini." Mama ta gyara zama ta ce, "'Yata, in kasuwanci yake yi, ban taɓa ganin ɗan kasuwa marar wayo irinsa ba. Shi ke biya, mu ke sha, matarsa ta ƙara mana da zoɓo." Har wakilin kamfani sai da ya dara. Ban taɓa jin daɗin a ce ba ni da wayo ba sai ranar.

Aka daidaita: za su canza batir, ni kuma in tsaya a kan kayan gidana kawai, don sun ce yawan caji ma yana cin ƙarfinsa. Na sa hannu. Da yamma na tara jama'a na faɗa musu, ina jin nauyi, kowa ya ɗauki cajarsa yana tsokanata.

Bayan sun watse sai ga Mama da 'yar kularta. Ta ce, "Ɗana, ba ni maganina, kada in ja muku wata shari'ar."

Matata ta riga ni magana. Ta karɓe kular daga hannunta, ta tsaya a gaban firij ta ce, "Haba Mama. In sun isa su zo su ce ke ba 'yar gidan nan ba ce." Mama ta koma gida hannu wofi, tana goge ido da bakin zanenta.