Ni Na Manna Bayan Rigar A Ƙirjina

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni mai gadi ne a wani kamfanin fata a Challawa, gemu ya fara furfura amma baki kamar reza. Boko kuwa ajin yaƙi da jahilci na leƙa, shi ma don an ce malamin ba ya duka, saboda haka in ka ga rubutuna ya karkace ka miƙar da shi. Aikina buɗe ƙofa, rufe ƙofa, da tsokanar duk wanda ya gifta. Rediyo ce ta sa na ɗauki biro. Kullum sai in ji an gurfanar da wane a wata babbar kotu saboda ta'asar yaƙi, ni kuma in kasa kunne ko za a ambaci na ɗaya ɓangaren, waɗanda suka yi nasara. Shiru kake ji, sai ka ce su alewa suka raba a fagen daga. Ni kuwa na san irin wannan ɗinkin. Da hannuna na taɓa riƙe shi.

A kamfanin fata hannu ba ya ƙarya. Masu jiƙa fata a ruwan magani hannunsu shuɗi-shuɗi ne, masu rini kuwa a lokacin ja suke yi, safar hannu duk ta yayyage ba a sake ba. Ko a masallaci aka ɗaga hannu za a shafa fatiha, kana satar kallo ka san sashen kowa. Masu shuɗi yawanci baƙi ne daga Jigawa da Nijar, ba su da kowa sai Allah. Masu ja 'yan gari ne, yaran shugaban ƙungiyar ma'aikata, mutumin da in zaɓe ya zo shi ke cika motoci da masu ƙuri'a. Cikin masu shuɗin akwai aminina, wani Badamagare. Ka san mu Kanawa da su wasa muke: ina ce masa baƙon da ya zo cin arziki ya manta hanyar gida, shi kuma ya ce Bakano ko gawarsa aka taɓa sai ta tambayi nawa za a ba ta. Kwano ɗaya muke shan fura.

Wata Juma'a wani lebura ya faɗa ramin ruwan magani da aka daɗe ana roƙon a rufe, aka ciro shi ba rai. Manajan ma'aikata ya fito cikin farar shadda zai tafi masallaci, ya ce kowa ya koma bakin aiki, za a duba. Wannan za a duba ita ta kunna wutar. Mutane suka yi masa ca da jiƙaƙƙun hannuwa. Ina bakin ɗakin gadi, komai a idona: masu ja ne suka riƙe shi ta baya, ɗayansu ya sauke masa katako a ƙeya. Aminina kuwa gaban rigar ya cakuma da hannu biyu, yana jan sa zuwa ɗakina, ni na turo ƙofa na danna sakata. Manaja ya rayu, amma kunne ɗaya ya tafi, kuma fuskar da ya tuna ita ce wadda ke gabansa. Rigar da muka cire masa ta zama shaida: gaba tambarin yatsu shuɗi, baya ja kamar an yanka rago a kai.

Aka kafa kwamitin bincike, ga wakilin hukuma, ga masu kamfani, ga kuma shugaban ƙungiya zaune daram a ciki, zaɓe kuma ya ƙarato. Tun daga nan hancina ya fara jin wari, kuma ba na fata ba. Ana gobe za a zauna sai ga shugaban a ɗakina yana kirana Baba, mutumin da kullum tsoho mai surutu yake ce mini. Ya ce ni aka zaɓa in ɗaga rigar, har ya koya mini: in kama kafaɗun, in manna bayanta a ƙirjina, wai rashin ladabi ne a juya wa manya baya ko da na riga ne. Zai fita ya waiwayo, ya ce ya ji ana shirin sallamar tsofaffin masu gadi, amma muddin yana raye ba mai taɓa Babansa. Ban yi boko ba, amma wannan karatun na gane shi.

Ranar zama na tsaya ƙiƙam kamar sandar shanya. Ba wanda ya ce in juya. Wakilin hukuma ma ya yunƙura kamar zai zagayo, aka miƙa masa lemo mai sanyi, ya koma ya zauna. Aka tambaye ni ko na ga Badamagaren ya cakumi manaja, na ce na gani. Na buɗe baki zan ƙara, aka ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Ni da ko akuya ta wuce sai na tanka mata, ranar harshena ya kwanta. Sai aminina ya ɗago daga inda aka tsugunar da shi a matsayin mai laifi, ya ce Bakano yau an samu riga mai tsada, a ɗan juya mana mu ga aikin baya mana. Ɗaki ya fashe da dariya, an ɗauka wasanmu ne na kullum. Malam Edita, ni ma na yi dariyar. Aka kwashe shi da wasu masu shuɗi zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, daga can kotu, daga kotu gidan yari. Ramin kuwa ko sunansa ba a kira ba. Da aminina ya fito na ji ya koma ƙasarsu da tari, bai biyo ta ƙofata ba.

Shekaru suka tura, gwamnati ta sauya, shugaban namu ya wayi gari a jam'iyyar da ta faɗi. Ina zaune ƙofar gida a Sharada sai ga wasu 'yan jam'iyyar da ta ci a mota mai sheƙi, su ma da Baba a bakinsu. Duk wanda ya kira ni Baba da irin wannan zaƙin, sai na taɓa aljihuna. Suka ce lokacin adalci ya yi, rigar tana nan a ajiye, so suke in zo in ɗaga bayanta a kama shugaban da yaransa. Na ce madalla, to za a wanke aminina? Suka ce wannan ya wuce. Na ce mai ramin fa? Suka kalli juna, suka ce in bar tone-tone, Alhajin mai kamfanin mutumin kirki ne, nasu ne. Na ce zan zo, amma a tsire rigar a sanda in riƙa juya ta kamar kaza a kan wuta, kowa ya ga gaba da baya, in kuma faɗi wanda ya koya mini riƙo da wanda ya sha lemo. Suka ce za su dawo. Ba jarumta na yi ba, lokacin an riga an sallame ni, ba abin da za a ƙwace. Daga baya na ji shugaban ya koma jam'iyyarsu, shari'ar ta kamu da zazzaɓi ta mutu.

Abin da na koya, ranar farko da ta biyu duk riga ɗaya ce, mai juya ta ne ya sauya. Ba ƙarya na yi ba a gaban kwamiti, rabin gaskiya na faɗa, kuma ita ta ɗaure mutumin da ya ceci rai. Saboda haka jama'a, in kun ji an ce an kama mai laifi, a kamfani ne ko a yaƙin wata ƙasa, kada ku yi saurin tafi. Ku tambayi wa ke riƙe da rigar, wa ya koya masa riƙon, me kuma ya manna a ƙirjinsa. In kuwa kai aka miƙa wa, ɗan'uwa, juya ta tun amininka yana ɗakin. Ni na yarda in juya tawa ne bayan babu wanda zai amfana.