Ƙullin Kaka a Tukunyar Iska

Har yau in mota ta wuce ni tana zubar da baƙin hayaƙi, mai warin nan na ɗanyen esansi, wato fetur, sai na tuna da farar bashe, motar a-kori-kura ta babanmu, a ƙauyenmu na wajen Galma. Ina da shekara tara a ranin da ta kamu da wannan cuta, kuma ni ce na jawo mata.

Babanmu ya yi shekaru yana cin rani kafin ya sayi motar. Aikinta ɗaukar albasa daga fadama zuwa Madawa. Shekarar nan gero bai yi ba, albasar da muka haƙe ita ce abincin gidanmu har damina. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. In ta daɗe a tare cikin zafin rani, sai ta fara ruɓa daga ƙasa.

Kakata, mahaifiyar baba, tana salla, amma ba ta saki duk abin da ta gada wurin iyayenta ba. Tana tsoron hanyar dutse, tana tsoron bakin mutane. Baba kuwa ya hana a rataya wa motarsa komai. Wata safiya ta kira ni ɗaki, ta danƙa mini ƙullin magani a fatar akuya, bai kai dunƙulen hannuna ba.

"Ki ɓoye shi cikin mota, inda ubanki ba ya dubi," in ji ta.

Na taɓa ganin baba yana buɗe wata baƙar tukunya a kan inji, noti ɗaya ne ake murɗewa da yatsu. Da ya tafi masallaci ya bar murfin gaba a buɗe don inji ya huce, na taka taya na hau, na jefa ƙullin a tsakiyarta, na rufe. Na sauko ina jin babu mai wayona a duk Adar.

Washegari mota ta fara tari. Ko ɗan tudu ta kasa hawa, hayaƙi baƙi wuluk yana bin ta. Samarin garaji na Madawa suka ce sai an sauke inji, a jira kaya daga ƙetare, sati uku ko fiye. Baba ya dawo bai ci tuwo ba. Ya je ya ɗaga buhu, ya latsa albasar ƙasa da yatsa, ya daɗe a tsugune. Na san abin da na yi, tsoro ya hana ni magana. Kaka kuwa sai tauna goro.

Kwana biyu bayan haka baba ya ɗauko wani tsohon makanike daga wajen Buza, mutum siriri mai ƙarancin gani. Bai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba da farko. Ya ce a tayar da inji, ya tsuguna a baya, ya kara farin ƙyalle a bakin bututu, ya sansana.

"Hayaƙi iri ukku na," ya ce wa baba. "Hwari mai zaƙi-zaƙi, ruwa ya shiga inda ba nashi ba. Shuɗi, tana ƙone man inji, nan a ka buɗe ciki. Wanga baƙi na. Esansi ya yi yawa, iska ya yi kaɗan. Numhwashi ta ka nema."

Ya aiki baba ɗebo ruwa a buta. Sannan ya murɗe notin nan, ya ɗaga murfi, ya lalubo ƙullin da inji ya zuƙe har ya toshe maƙogwaron mota. Ya juya shi a tafinsa. Ya dube ni, ya dubi kaka a ƙofar ɗaki. Ya sa shi aljihu.

"Mi a ciki?" baba ya tambaya da ya dawo.

"Zanzaro yay yi gida," in ji tsohon.

Aka tayar da mota, hayaƙi ya yi ta raguwa har ya ɓace. Baba ya yi hamdala. Kafin la'asar an yi lodi, buhu huɗu kawai muka zubar.

Da tsohon zai tafi, ya je gaida kaka, ya ajiye mata ƙullin a tabarma. "Inna, ki aje shi ƙarƙashin kujera. Can ba a numhwashi." Ni ce dai na sake kai shi, na ɗaure da zare a jikin ƙarfe.

Yanzu ɗana ke da mota, in ta yi hayaƙi na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta. Babu mai tsugunawa da ƙyalle. Ban ce hakan ya fi muni ba, ya fi sauri ma.

Bashen nan tamu ta mutu shekaru bayan rasuwar kaka. Ranar da masu sayen ƙarfe suka zo janta, na ga baba ya dakatar da su. Ya buɗe ƙofa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera ba tare da ya leƙa ba, ya tsinke zaren. Ya sa ƙullin a aljihun gaba, ya ce su ja.