Mainasara Mai Tsire da Jaridun Jamus

Mainasara mai tsire na bakin tashar Gure mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya tambayi kansa me kake nema. A wannan tashar ya gaji tukubar mahaifinsa, a nan kuma ya yi furfura.

Takardar naɗe nama daga Damagaram ake kawo masa ita, tsoffin jaridun Turawa a ɗaure. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ba ruwansa da abin da ke ciki. Sai da ɗansa Ibram ya bi hanyar Libiya, ya kira sau ɗaya ya ce ya isa Jamus, daga nan shiru, sannan wani direba ya ce masa ai waɗannan jaridun na can ne.

Tun ranar, ba ya naɗe tsire sai ya duba takarda gaba da baya. Mai saye na tsaye, mota na oda, shi kuwa yana ƙare wa hotuna kallo ko zai ga fuskar Ibram. Tsoro ne ke cin sa, ko da yake ba ya faɗa.

Mushe Fadilu (haka ake kiran malaman lakwal), malamin da aka turo Gure koyarwa, ya ɗan taɓa Jamusanci. Ya ce, "Baba, kuna wahalar da kanku. Can kusan kowane gari da jaridarsa ta kullum, kamar a ce Kelle da tata, Bune da tata. Wace za ku duba?"

Mainasara ya harare shi. "Gari kamar Bune me ke faruwa cikinsa kullum da za a rubuta? Akwai dai abin da suke ɓoyewa. To waɗannan fa, masu baƙin layi zagaye da fuska?"

Mushe ya ce, "Sanarwar rasuwa ce. Dangi ke sa ta."

"Dangi. Wanda ba shi da kowa can fa?"

Mushe ya karɓi tsirensa ya wuce.

Mainasara ya so ƙwarai a ce ƙarya malamin ya yi, kamar yadda yake zargin kowa. A karon nan ya kasa ƙaryata shi. Ya daina duba hotuna. Amma in ya ci karo da shafi mai baƙin layi, sai ya ninke shi ya ajiye nesa da maiƙo.

"Ba na naɗe nama da 'ya'yan mutane," in ji shi.